Agogon Aljihu da Kayan Gyaransa: Abin da Mai Tarawa Zai Yi da Wanda Ba Zai Yi Ba

Kamfanin Waltham da ke jihar Massachusetts a Amurka ya daina ƙera agogo a 1957. Elgin na jihar Illinois ya bi sahu a 1968, Hamilton kuma ya tsayar da ƙira a garin Lancaster a 1969. Tsakaninsu sun fitar da miliyoyin agogo, amma tun ranar da injinansu suka yi shiru adadin raguwa kawai yake yi. Haka abin yake ga agogon Landan da Liverpool na ƙarni na 18 da na 19, haka yake ga kayan aikin da aka ƙera su da su. Wanda ya karye ya karye ke nan, babu masana'antar da za a aika wa ta turo madadinsa.

Duk wanda ya daɗe yana buɗe bayan tsofaffin agogo ya san inda ɓarna ta fi fitowa. Agogon da aka manta a ƙasan adaka shekara sittin yakan fito da lafiyarsa. Wanda ya faɗa hannun mai zumuɗi kuwa, cikin mako guda sai a same shi da kwarzane, da karyayyen tsini, da man keke har kan fuska. Saboda haka waɗannan dokoki domin mai son abin aka rubuta su. Amana ce a hannunka: wasu sun riƙe kafin kai, wasu za su riƙe bayanka.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka zaɓi fage ɗaya, ka san shi ciki da bai. Mai sayen duk abin da ya gani tarkace yake tarawa. Akwai agogon Ingila masu siririyar sarƙa a ciki, waɗanda ake murɗawa da makulli. Akwai waɗanda maƙeran Landan irin su George Prior da Edward Prior suka yi domin kasuwar Daular Usmaniyya, masu lambobin Turkawa a fuska. Akwai agogon talaka da Georges Roskopf ya fito da shi a Suwizalan a 1867. Akwai kuma na ma'aikatan jirgin ƙasa a Amurka, wanda ya fi sauƙin koyo ga sabon shiga domin ƙa'idojinsa a rubuce suke. Bayan karon jirage biyu a Kipton ta jihar Ohio a 1891, wanda aka ɗora laifinsa kan agogon wani direba da aka ce ya tsaya na minti huɗu, an ba Webb C. Ball, mai shagon agogo a Cleveland, aikin tsara binciken agogon ma'aikata. Daga nan sharuɗɗa suka tsananta: fuska a buɗe babu murfi, manyan lambobi baƙaƙe a kan fari, duwatsun cikin inji aƙalla 17, daidaito a kwanciya iri biyar, kuskure kada ya wuce daƙiƙa 30 a mako. Wanda ya haddace wannan, dillali ba zai sayar masa da agogon gama-gari da sunan na reluwe ba don kawai an zana kan jirgi a bayansa.

2. Ka ga inji kafin ka taya. Fuska ana canza ta, gida ana canza shi, inji ne agogon. A Amurka ma a da dabam ake ƙera inji, dabam ake ƙera gida, sai mai saye ya zaɓa a shago a haɗa masa. Don haka lambar da ke jikin gida ba ta faɗar shekarun agogo. Lambar da aka zana a jikin inji ita ake dubawa a jadawalin Waltham ko Elgin ko Hamilton a san kusan shekarar ƙira. Ka sa gilashin ƙara girma ka nemi tsatsa a kan ƙarfe, da kawunan sukuru da aka cinye, da dutsen da ya tsage, da wurin da aka liƙe da dalma. A gefen gida kuma ka duba ko akwai sawun sukuru a inda sukurun wannan inji ba ya kaiwa, alama ce cewa wani inji ya taɓa zama a ciki. Mai sayarwar da ya hana ka ganin ciki, ka yi masa sallama ka wuce.

3. Ka koyi karanta hatimi. A gidan azurfa na Ingila za ka ga zaki mai tafiya, shaidar cewa azurfa ce mai kashi 925 cikin 1,000. Kan damisa na nufin an auna ta a Landan, anka na nufin Birmingham, harafi guda a gefe kuma shekarar awon yake nunawa. Suwizalan, bayan dokarta ta 1880, ta sa kan mace a zinari mai karat 18, kurege a mai karat 14. Lamba 750 karat 18 ce, 585 karat 14, 375 karat 9. Idan kuwa ka ga an rubuta garanti na shekara 20 ko 25 a cikin murfi, to lulluɓin zinari ne a kan tagulla, kada a sayar maka da shi da kuɗin gwal. Kamfanin Dennison na Birmingham ya kasa irin wannan gida uku: Star shekara 10, Moon shekara 20, Sun shekara 25. Wanda ya iya karanta hatimi ba ya barin maƙerin zinari ya cije gefen gida da magagari ya ɗiga asid da sunan gwaji. Idan Musulmi ne kai, ka je wurin malaminka tun kafin saye ka ji hukuncin namiji ya riƙe agogon zinari, da hukuncin zakkarsa.

4. Ka gwada shi a kowace kwanciya. Yawancin agogon aljihu na ƙarshen ƙarni na 19 zuwa na 20 suna bugawa sau biyar a daƙiƙa, wato 18,000 a awa, 432,000 a yini da dare. Wilin lilon da ke wannan aiki yana tsaye ne a kan tsini biyu masu kaurin gashin kai. Ka kara agogon a kunne fuska sama, ka juya shi fuska ƙasa, ka tsayar da shi, ka kwantar da shi ta gefe. Idan yana tafiya a wata kwanciya yana tsayawa a wata, ko sautinsa na canzawa, to tsini ya karye ko ya lanƙwashe, ko dutse ya fashe. Wannan gyara ne mai tsada, ka cire kuɗinsa daga farashi. «Ai yana aiki» ba shaida ba ce sai ya kwana ya wuni yana tafiya a gabanka.

5. Ka tambayi inda ya fito, ka karɓi rasit. Agogon aljihu ƙaramin abu ne mai tsada, don haka ɓarayi na son sa. A 1983 an fasa gidan tarihin L. A. Mayer da ke Birnin Ƙudus aka kwashe agogo fiye da ɗari, har da agogon Breguet mai lamba 160 da ake kira Marie Antoinette, kuma sai a 2007 ya dawo. Idan irin wannan zai ɓace shekara 24, na gidan maƙwabcinka ya fi sauƙin ɓacewa. Ka kula musamman da kayan mamaci. Yaro ya kawo maka agogon kakansa a ɓoye, ka tambaya ko an raba gado, ko sauran magada sun sani. Araha a irin wannan ciniki hakkin marayu ne kake sawa a aljihu.

6. Ka kai wa gwani ya wanke shi kafin ka fara amfani da shi. Man da ke ciki ya bushe tuntuni, ya haɗu da ƙura ya zama abin da ke cin ƙarfe. Agogon zai iya tafiya a haka, amma kowane bugu cinye tsininsa yake yi. Wanki na gaskiya shi ne a kwance inji gaba ɗaya, a wanke kowane sashe, a tsaftace ramin kowane dutse da tsinken itace, a mayar, sannan a ɗiga man agogo, irin na Moebius da makamantansa, a wuraren da ya dace kawai. Mai canza batir a bakin kasuwa sana'arsa dabam ce. Ka nemi dattijon da ya koyi aikin tun zamanin agogon murɗawa, ka tambaye shi ko zai iya sauya sandar lilo, ka ga kayan aikinsa da idonka. Ka biya shi da kyau ba tare da ƙorafi ba, domin irinsu ƙarewa suke yi. Kuma ka sharɗanta masa ya dawo maka da duk abin da ya cire, ko da karyayye ne.

7. Ka san yadda naka yake buɗewa, da yadda ake saita shi. Wani murfi a kan hinji yake, wani juya shi ake yi kamar murfin kwalba. Wanda ya sa wuƙa a ƙarƙashin murfin juyi zai bar tabon da ba ya gogewa. A agogon reluwe, sai an cire zoben gilashi an jawo wani ɗan ƙarfe a gefen fuska kafin hannaye su motsa. An yi haka ne da gangan don kada lokaci ya sauya a aljihu. Wanda bai sani ba zai yi ta fizgar kan agogo har ya tsinke shi. Wani kuma ɗan maɓalli ne a gefe da ake dannawa da farce. Agogo mai murfin gaba, ka danna kansa yayin rufewa kamar yadda kake dannawa yayin buɗewa, ka sake shi bayan murfin ya zauna, don kada ƙarfen makama ya cinye leɓen zinari ko azurfa. Duk wannan a kan tebur mai shimfiɗa za ka yi shi. Abin kare girgiza irin Incabloc sai a shekarun 1930 ya fito, yawancin agogon aljihu ba su da shi, faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa.

8. Ka tsare shi daga ƙura, laima da maganaɗisu. Tsohon gida ba ya hana iska shiga. Ƙurar hunturu takan kutsa ta gefen murfi, laimar damina takan haifar da tsatsa a sifirin cikin 'yan makonni. Ka sa kowane agogo a jakarsa ta auduga, cikin akwati mai rufuwa, tare da ƙunshin ƙwayoyin nan masu tsotse danshi, ka riƙa sauya su. Ka nesanta shi da lasifika, da waya, da jaka mai maɓallin maganaɗisu. Garwayen ƙarfen Elinvar da Charles Guillaume ya ƙirƙiro, wanda maganaɗisu bai cika damunsa ba, sai a farkon shekarun 1930 Hamilton ya fara sa shi a agogon reluwe. Na kafin nan yawanci sifirinsu na ƙarfe ne zalla, da ya kamu sai zagayensa su manne, agogo ya riƙa gudu. Idan kuma gilashin na tsohuwar roba ne da ta yi rawaya, a cire shi nan da nan, domin tururin da take fitarwa yana sa hannayen agogo tsatsa. Ka ajiye shi dabam, ka sa na gilashi.

9. Ka ƙirga kayan aiki ɗaya bayan ɗaya kafin ka biya. Darajarsu tana cikin cikarsu. Ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe na mai agogo, ko na Webster-Whitcomb daga Amurka, ko na Boley, Lorch da Wolf Jahn daga Jamus, bai da amfani sai da bakunansa masu kama ƙarfe. Akwai masu milimita 6, akwai masu milimita 8, kuma ko a cikin masu 8 zaren wani kamfani ba lallai ya hau na wani ba. Lambar da ke kan kowane baki kashi ɗaya cikin goma na milimita take ƙirgawa: mai lamba 10 milimita ɗaya yake kamawa. Ka jera su ka ga waɗanda suka ɓace. Ka juya sandar injin da yatsa, kada ka ji wasa ko tsayawa. Ka duba ko lambar kansa da ta wutsiyarsa sun dace. Akwatin ƙusoshin bugu, irin na K&D daga Lebanon ta jihar New Hampshire, ka zare kowace ƙusa ka duba bakinta, ka tabbata babu karyayyen ƙarfe a raminta. Na'urar Jacot ta goge tsini, ƙananan ramukan gefenta ne suka fi karyewa, can za ka fara kai ido.

10. Ka buɗe littafi. Kowane agogo da kowane kayan aiki ya sami shafinsa: sunan maƙeri, lambar inji, lambar gida, hatimai, ranar saye, farashi, wanda ya sayar, aibin da ka gani, gyaran da aka yi da wanda ya yi. Ka ɗauki hoton fuska, da baya, da inji. Gidan Breguet, wanda Abraham-Louis Breguet ya kafa a Faris a 1775, har yau yana riƙe da littattafan cinikinsa, kuma da su ake raba na gaskiya da jabu. Naka littafin ma shi ne zai tsaya maka ranar da aka yi maka sata ko aka yi gardama.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka goge shi don ya yi ƙyalli. Kowace guga ƙarfe take ɗebewa. Lulluɓin zinari siriri ne, man goge tagulla zai kai ka ga jan da ke ƙasa. Zanen hannu da ke bayan gida yana dushewa, hatimi yana shafewa, kaifin gefe yana zama mulmulalle. Masana suna gane agogon da aka goge daga nesa, kuma suna rage masa kuɗi. Ƙyalle mai taushi, busasshe, ya wadatar. Fuskar tangaran gilashi ce da aka narka a kan jan ƙarfe. Idan ta yi siririn tsagu, ka bar ta haka, kada ka cika ta da fenti ko gam. Fuskar ƙarfe mai fenti kuwa ko ruwa kada ya taɓa ta, lambobin za su bi yatsanka.

2. Kada ka zuba masa man keke, man gyaɗa, kananzir ko man fesawa na makanikai. Kada ka tsoma shi cikin fetur ka girgiza. Wannan yana tayar da agogo na kwana biyu, sannan ya kwashe datti ya kai inda babu shi a da, ya manne zagayen siririn sifirin. Kada ka hura masa iska da baki, danshin numfashi tsatsa ne. Kada ka taɓa inji da yatsa tsirara, domin gumi yana barin sawun da ke cin ƙarfe har abada.

3. Kada ka tilasta wa abin da ya ƙi. Kan agogo ya cije, ka tsaya. Murfi ya ƙi buɗewa, ka tsaya. Maganar da ake yi cewa «an cika murɗa shi ne ya tsaya» kuskure ce: sifirin ya cika, datti ko karaya ne suka hana shi sakin ƙarfinsa, ƙarin murɗawa haƙora kawai zai karya. Agogon Ingila mai sarƙa, ka tabbatar da ɓangaren da makulli ke juyawa kafin ka sa ƙarfi, kuma ka yi amfani da makulli daidai bakinsa. Sarƙar nan da hannu aka harhaɗa ta, idan ta tsinke samun irinta aiki ne. Agogo mai buga ƙararrawa da tsofaffin na ƙarni na 18, kada ka mayar da hannayensu baya, kada kuma ka taɓa su yayin da ƙararrawa ke bugawa.

4. Kada ka koyi gyara a kan agogo mai daraja. Ka sayi matattun injina masu araha, ka kwance ka mayar har hannunka ya daina rawa. Sukundireba sai an wasa ta daidai bakin sukuru, in ba haka ba za ta zame ta yanki jikin inji. Hantsaki sai bakinsa ya haɗu tsaf. Kada ka kwance sukuru ko ɗaya sai ka sauke ƙarfin babban sifirin a hankali, domin idan ya kubce gaba ɗaya zai share haƙoran wili ya karya tsini cikin ƙiftawar ido. Gaggawa aikin shaiɗan ce, a teburin agogo kuwa nan take ake biyan kuɗinta.

5. Kada ka yi wasa da fuska mai fentin haske. Daga wajen Yaƙin Duniya na Ɗaya zuwa shekarun 1960 ana shafa wa lambobi da hannayen agogo fenti mai sinadarin radiyam don su haska da dare. Yawancin agogon aljihu na sojan Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu, masu alamar kibiya da haruffan GSTP a baya, suna da shi. Yau fentin ya koma ruwan ƙasa, ya daina haske, sai mutane su ɗauka ya mutu. Abin da ya mutu shi ne garin da ke haskawa. Radiyam ɗin na nan, sai bayan shekara 1,600 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. 'Yan matan da suka yi aikin shafa shi a Orange ta New Jersey da Ottawa ta Illinois, waɗanda aka koya wa fiƙe buroshi da leɓe, ƙashin muƙamuƙinsu ya rube, da yawa suka mutu da ƙuruciya, kuma ƙarar da biyar daga cikinsu suka kai ta ƙare da sulhu a 1928. Haɗarin yana cikin shaƙa ko haɗiye garinsa. Kada ka cire gilashin, kada ka kankare fentin, kada ka hura. Kada ka tara irinsu a ɗakin kwana, domin suna fitar da iskar radon da ke taruwa a rufaffen wuri. Kada yaro ya taɓa. Wanda zai shiga wannan fage ya sayi na'urar Geiger tukuna.

6. Kada ka buɗe tsofaffin kwalabe da ke zuwa cikin akwatin kayan aiki. Masu gyaran da sun yi amfani da gubar sayanaid wajen haskaka tagulla da azurfa, da wasu ruwan wanki da aka gano daga baya suna lalata hanta da jini. Kwalba marar suna, ko farin gari a cikin gwangwani, kada ka sansana, kada ka ɗanɗana, kada ka zubar a kwata inda yara da dabbobi ke bi. Ka nemi masanin sinadarai ya raba ka da ita. Tsohon mai ma, ko da na Nye ne na New Bedford da a da ake tatsa daga dabbobin teku, tarihi ne na ajiyewa a kanta, kada ya shiga agogo.

7. Kada ka sayi suna. Tun Breguet na da rai ake rubuta sunansa a kan agogon da bai taɓa gani ba, kuma na jabu sun fi na gaskiya yawa nesa ba kusa ba. An kuma yi injina masu arha a Suwizalan da aka yi wa ado da sunaye masu kama da na Amurka, har da rubuta adadin duwatsun da babu su. Duwatsun nan ma kada a ruɗe ka da su. Yaƙutu ne da ake sawa don rage gogayya, kuma tun da Auguste Verneuil ya bayyana hanyar yin na masana'anta a 1902 kuɗinsu a matsayin dutse bai taka kara ya karya ba. Amfaninsu a wurin aiki yake. Ka ƙirga waɗanda kake gani, ka kwatanta ingancin ƙira da girman sunan. Babban suna a kan aikin banza, jabu ne.

8. Kada ka narkar da gida, kada ka taimaka a narkar. Duk lokacin da gwal ya yi tsada, ana zare injina daga gidajen zinari a jefa su kwali, a aika gidan wuta. Gida ɗaya da ya narke ya bar inji maraya, kuma ba kowane gida ke karɓar kowane inji ba, musamman na Ingila da Suwizalan da aka auna wa kowane nasa. Haka nan kada ka yanke agogon aljihu ka liƙa masa kunnuwa ya zama na hannu. Idan talauci ya matsa, ka sayar da shi cikakke ga wanda zai riƙe shi cikakke.

9. Kada ka raba kayan aikin da suka zo tare, kada kuma ka kankare su. Sayar da bakunan inji ɗai-ɗai yana kawo kuɗi, amma yana kashe abin da wani gwani ya shafe rayuwarsa yana haɗawa. Akwatin katako da suka zo a ciki, da takardar jadawali a murfinsa, duk na cikin kayan. Sanfefa da buroshin waya ba su da wuri a kan fuskar da aka auna da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Mai marar nauyi da ƙyalle da haƙuri sun ishi tsatsar sama. Kada ka ɗaure bakin inji a kan ƙarfen da ba girmansa ba, zai buɗe ya daina kama daidai. Tsohon magagari mai tambarin Peter Stubs na Warrington, ko kayan da aka yi a Prescot ta Lancashire, garin da ya ciyar da maƙeran agogon Ingila da sassa da kayan aiki, kada ka kai su gyaran ƙofa ko janareto.

10. Kada ka share sawun waɗanda suka riga ka. A cikin murfin baya za ka ga ƙananan lambobi da haruffa da aka karce da tsinin allura. Masu gyara ne suka bar alamar aikinsu. A tsofaffin agogon Ingila masu gida biyu za ka tarar da zagayayyun takardu ɗauke da sunan shago da gari, wani lokaci da ranar gyara a baya. Sunan mai shi na farko, ko rubutun kyauta daga wurin aiki bayan shekaru na hidima, shi ma haka. Kada ka goge don ka sa naka, kada ka jefar da takarda don ta tsufa. Su ne kaɗai shaidar inda agogon ya bi.

11. Kada ka ɓoye aibi idan za ka sayar. An sauya fuska, ka faɗa. Gidan ba nasa ba ne, ka faɗa. Yana tsayawa idan ya kwanta, ka faɗa. Yana da radiyam, wannan wajibi ne ka faɗa tun kafin a miƙa hannu. Fagen nan ƙarami ne, kowa ya san kowa, kuma wanda aka kama da algus sau ɗaya ya gama ciniki. Ko ba a kama ka ba, kuɗin da ka ci na haram ne.

12. Kada ka ci bashi ko ka taɓa kuɗin cefane da sunan jari. Za a ba ka labarin agogon da Patek Philippe ya ƙera wa Henry Graves, wanda aka miƙa masa a 1933, aka kuma sayar a gwanjon Sotheby's a Janiba a 2014 kan kusan dala miliyan 24. Gaskiya ne, amma guda ɗaya ne a duniya. Yawancin agogon aljihu an yi su ne dubbai, kuma sau da yawa kuɗin gyara na kirki ya fi abin da za a taya su. Ka saya da rarar da ba za ta hana ka barci ba. Agogo uku masu lafiya, da ka san tarihinsu kuma kake iya kula da su, sun fi talatin da ke tsatsa a durowa.

13. Kada ka bar iyalinka cikin duhu. Tari da yawa sun watse cikin kwana arba'in bayan rasuwar mai su: gidajen zinari suka tafi wurin maƙeri, injin sassaƙa ya tafi wurin 'yan gwangwan a kan kilo, akwatin radiyam ya faɗa hannun jikoki. Ka zaunar da matarka da manyan 'ya'yanka, ka nuna musu littafin, ka nuna musu wanne ne mai daraja, wanne ne mai haɗari, da mutum biyu amintattu da za a kira su yi ƙima kafin rabon gado. Idan akwai yaro mai natsuwa da kaifin ido, a gidanka ko a unguwa, ka kai shi wurin dattijon da ke yi maka gyara, ka biya kuɗin koyonsa, ka ba shi aron kayan aikin da kake tarawa. Ka yi wannan a bana, tun kana da lafiya kuma tun dattijon yana gani.